Ramin da Ke Ƙarƙashin Goggo

Ƙarfe tara da 'yan mintoci na safiyar Litinin aka bugo waya ofis cewa an tsinci gawar mutum a ramin gyaran mota, a rumfar ƙungiyar masu tsofaffin motoci. Lokacin Sufeto yana bayan teburinsa, ƙafar wando a naɗe, yana shafa wa gwiwarsa man zafi. Shekararsa hamsin da uku, saura biyu ya ajiye aiki, kuma ba shi da burin da ya wuce ya kai wannan rana da ƙafafunsa. Da ya ji an ce rami sai ya tambaya ko babu wani sufeton a kusa. Aka ce babu.

Yana ɗan shekara takwas ya faɗa busasshiyar rijiya ya wuni a ciki. Tun daga nan ko kwalbati ya hango sai ya canza hanya. Mutum ɗaya tak ya taɓa gaya wa wannan sirri, wato matarsa, don haka duk ofishin an sani.

Saja ce ta ja motar, doguwar mace marar yawan magana, wadda sau ɗaya ta zauna a gefensa yana tuƙi ta ce ya ishe ta.

Rumfar doguwa ce, ta kwano, ba taga, ƙofarta ɗaya ta ƙarfe mai saukowa daga sama. Motoci goma sha ɗaya ne a jere a ciki, kowace lulluɓe da farin tamfol. Sufeto ya tuna ɗakin ajiye gawa na asibiti, sai dai a nan an fi kula da masu kwanciyar. A can ƙurya mota ɗaya ce a buɗe, baƙa wuluk, doguwa, mai manyan fitilu kamar idon mujiya. Rabinta na gaba yana kan ramin, matakalar ramin kuma a buɗe take a gabanta.

An riga an fito da gawar. Sakataren ƙungiyar ne, tsohon malamin tarihi da ya yi ritaya, wanda kowa ke kira Malam. Jami'in asibitin da ya duba shi ya ce hayaƙin salansa ne ya kashe shi tun jiya da yamma. Sannan ya ɗaga hannun mamacin ya nuna wa Sufeto. Farce huɗu sun karye, fatar yatsun ta saluɓe.

Sufeto ya sake duban yatsun. Wanda barci ya ɗauke ba ya karce bango.

A aljihun mamacin an sami tocila da wata 'yar wuƙa ta fiƙe fensir. A bakin wuƙar akwai ɓarɓashin fenti kore. Sufeto ya dubi motar, ya dubi sauran, ya sa aka ɗaga tamfol ɗaya bayan ɗaya. Babu koriya ko guda.

Shugaban ƙungiyar yana tsaye a gefe, hannu a baya. Likitan haƙori ne da ya daina aiki, gajere, tsaf-tsaf, takalmansa sun sha gogewa har mutum na iya duba fuskarsa a ciki. Muryarsa mai laushi ce, irin ta wanda ya ɓoye filaya a bayansa. Ba a tambaye shi ba ya fara ba da tarihi: shekara goma ke nan da su uku suka kafa ƙungiyar, shi da wani lauya da Baba Bakanike, da mota ɗaya tak, wannan baƙar, wadda ya gada a wurin mahaifinsa, suke kiranta Goggo. Suka kama hayar rumfar, masu irin wannan ciwo suka yi ta zuwa ɗaya-ɗaya. Malam a shekara ta uku ya shigo, kuma shi aka ɗora wa rubuta littafin cikar ƙungiyar shekara goma.

A ganinsa, in ji Likita, Malam ya sauke ƙofa, ya tayar da Goggo don ya saurari injinta daga ƙasa, hayaƙi ya cika ɗakin, har man ya ƙare ta mutu da kanta. Ga makullinta nan ma a murɗe.

"Ina kake jiya da yamma, Likita?"

"A gida, ina karatu. Rabona da taɓa ta mako guda."

"Su wa ke da makullin rumfar?"

"Ni da marigayi da Baba." Ya ɗan sunkuyar da kai. "Ba na son in faɗi wannan, amma ranar Asabar Baba ya ɗaga wa Malam sifana a gaban mutum biyar."

Kafin azahar maganar ta kai kunnen babban jami'i. Ya haɗa karyayyun farce da sifana da makulli, ya ce lissafi ya fita. Aka rufe Baba Bakanike, aka ce safiyar Laraba za a kai shi kotu da tuhumar kisan kai.

Sufeto ya same shi a ɗakin tambayoyi. Tsoho ne ɗan saba'in, ramamme, da wani tari mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Duk wanda ya ji tarin ya san mai shi ba zai shekara a kurkuku ba. Hannayensa na bisa tebur, baƙin mai ya shige cikin kowace tsagar fata.

Ya ce shi ya tsinci gawar da safe, ƙofa a sauke amma ba a kulle ba. Jiya kuwa yana ɗakinsa shi kaɗai, ba mai shaida sai rediyo. Sifana ya ɗaga, bai musa ba, amma ba don ya buga ba ne.

"Don me ne, Baba?"

"Na tarar yana kankare wa Goggo ciki da wuƙa."

"Me yake nema?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

"Goggo ta taɓa zama koriya?"

Tsohon ya janye hannayensa daga kan tebur ya ɓoye su a tsakanin cinyoyinsa. Ya ce tun da ya san ta baƙa ce. Ya faɗi hakan yana kallon ƙofa, kamar wani na tsaye a bayanta. Sufeto ya shekara talatin yana kallon masu ƙarya, kuma ya san bambancin mai ƙarya don ya tsira da mai ƙarya don tsoron wani. Ya ce masa idan bai buɗe baki ba jibi za a kai shi inda ba a dawowa da wuri. Baba ya ce can ɗin ma akwai Allah, ya ci gaba da tari.

Da la'asar suka koma rumfar. Saja, wadda ba ta yarda da maganar kowa sai ta taɓa da hannunta, ta samo wani siririn kara ta buɗe tankin Goggo ta zura. Ya fito a jiƙe har rabi. Ta miƙa wa Sufeto.

Suna cikin kallon karan sai ga Lauya ya shigo, ƙaton mutum mai gumi, wai ya zo ya ga ko 'yan sanda sun karce masa mota. Aka tambaye shi inda yake jiya, ya ce gidan surukansa, tun safe har dare. Sufeto ya ciro waya ya ce bari ya kira uwargidan ta tabbatar, minti ɗaya ne. Nan take ido ya raina fata. Ashe shekara huɗu ke nan matar tana zaune da sanin cewa ya sayar da tsohuwar motarsa, shi kuwa duk Lahadi sai ya sulalo ya zo ya goge ta, ya koma gida ya ba da labarin lafiyar surukai.

Jiya ma ya zo, wajen ƙarfe huɗu. Ya tarar da ƙofa a sauke, Goggo tana aiki a ciki. Ya ɗauka ana gyara ne, kuma ba ya son a sa shi riƙe fitila, sai ya zagaya baya ya zauna a inuwa yana jira. Ya ji ta kusan rabin awa. Daga nan ya ji ƙarar ɗaga ƙofa, jim kaɗan motar ta yi tari uku ta yi shiru. Sai matarsa ta kira, ya bi ta lungu ya gudu, bai ga kowa ba.

"Mai ne ya ƙare?" in ji Sufeto.

Lauya ya dube shi kamar ya zagi mahaifiyarsa. "Haba Yallaɓai. Da mai ne ya ƙare, da ta zuƙo tsatsar gindin tanki, kukan daban ne. Wannan rufe famfo ne."

Ya buɗe ƙofar direba ya nuna wani ɗan famfon tagulla a ƙarƙashin kujera. A rufe yake. Ya ce dokar farko ke nan da aka rubuta ranar da aka kafa ƙungiya: ba a kashe tsohuwar mota da makulli. Famfon mai ake rufewa, a bar ta ta shanye wanda ke cikin kafireta ta mutu da kanta, don kada man ya bushe ya toshe ta. Sannan Goggo ba ta jure aiki a tsaye fiye da rabin awa, lagiretonta sai ya tafasa.

Sufeto ya tsaya yana kallon ɗan famfon. Wani ya tsare mutum a rami, ya tsaya a waje yana ƙirga mintoci, sannan ya kutsa cikin ɗaki mai cike da guba don kada injin mota ya yi zafi. Mutumin ya tuna ya bar makulli a murɗe don a ce haɗari ne, amma hannunsa ya yi abin da ya saba.

Ya kai wa babban jami'i labari da murnarsa. Shi kuwa ya ce ai wannan ya ƙara ɗaure tsohon, wa ya kai bakanike tausayin inji? Sufeto ya fito yana jin kamar ya tona rami ne da hannunsa ya tura Baba ciki.

Washegari da safe suka je gidan marigayi. Matarsa ta karɓe su a falo, cikin 'yan gaisuwa, sannan ta ja su wani ƙaramin ɗaki da littattafai suka cinye bangonsa. Ta ce mijinta mutum ne da ko katin ɗaurin aure aka kawo masa sai ya duba ko ranar ta dace da watan. Wata biyu ke nan babi na ɗaya ya hana shi barci. Ya tambayi mutum ukun da suka kafa ƙungiyar dalilin kafa ta, kowa ya ba shi labari daban, shi kuwa ya ce tarihin da ba shi da mafari tatsuniya ce.

Ta ɗauko musu littafin da yake rubutu a ciki. A shafin farko ya manna hoton ranar buɗe rumfa: mutum uku da Goggo, fentinta yana walƙiya kamar jiya aka yi shi. Malam ya zagaye fitilar hagu da jan biro, domin ba irin ta dama ba ce.

A shafin ƙarshe akwai wani yankin tsohuwar jarida. Wata ma'aikaciyar jinya tana komawa gida a keke da sassafe, bayan ta tashi daga aiki, wata tsohuwar mota koriya ta banke ta, ba ta tsaya ba. Matar ba ta rayu ba. Ba a taɓa gano motar ba. Malam ya rubuta kwanan watan a gefe, ya rubuta na kafa ƙungiya a ƙarƙashinsa. Mako shida ne a tsakani. Daga ƙasa ya ƙara layi biyu da ƙaramin rubutunsa na malaman makaranta: wanda ke son ɓoye tsohuwar mota, sai ya tara mata 'yan'uwa. Lahadi ƙarfe uku zan tambaye shi.

"Wa zai tambaya, Hajiya?"

"Bai faɗa ba. Cewa ya yi ba a rubuta mutum a bayan idonsa, sai an ji ta bakinsa." Ta goge ido da gefen mayafi. "Na ce masa littafin motoci ne fa, ba na yaƙi ba. Ya yi dariya."

A waje Sufeto ya tura Saja ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli ta nemo na ma'aikaciyar jinyar. Littafin bai ambaci suna ba, kuma babban jami'i ba zai saki Baba a kan jan biro ba. Dole wani ya ga koren nan da idonsa a jikin Goggo, kuma wuri ɗaya ne ake ganinsa. Saja ta ce ya jira ta su je tare. Ya ce ba komai, shi ba yaro ba ne. Gaskiyar ita ce ba ya son ta ga yadda zai sauka.

Rana na tsaka ya buɗe rumfar da makullin Baba, ya tura ƙofar har sama ya bar ta a haka. Kwanon rufin yana ƙara don zafi. Ya cire kwat ɗinsa ya rataye a ƙusa, waya na aljihunta, ya ɗauki tocila. Ya tsaya a bakin matakalar ya karanta duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa.

Matakala shida ce. A ta biyu takalminsa ya zame. Ya haska, sai ga baƙin man inji ya taru a kai, sabo, ya gangara zuwa ta uku. Ya ɗaga kai. Sama da shi babu komai sai rufin kwano, injin Goggo yana can taku biyu a baya. Tsohuwar mota tana ɗigar da mai ne a inda ta tsaya. Wato ranar Lahadi ta daɗe a tsaye a nan, a kan matakala, ta toshe hanyar fita, daga baya aka mayar da ita wurinta.

A bangon da ke gefen matakalar ya ga layuka huɗu-huɗu a jikin siminti. Bai daɗe yana kallonsu ba.

Ya sunkuya ya shige ƙarƙashin motar, numfashinsa yana fita da ƙyar. A cikin murfin tayar hagu ta gaba ya sami wurin da aka kankare, faɗin tafin hannu. Baƙi, baƙi, baƙi, sannan kore.

Sai hasken ramin ya fara raguwa.

Da farko ya ɗauka idonsa ne. Sannan ya ji tayoyi suna murƙushe yashi a hankali, cikin motar yana tafiya a saman kansa kamar hadari. Ya yunƙura zuwa matakala, gwiwar nan ta ce ba da ita ba. Kafin ya kai, ƙarfe ya rufe sararin. Ya ji an ja burki, ya ji an cusa katako a bayan taya. Abin da ya rage tsakanin motar da bakin ramin bai wuce kamu ɗaya ba, kuma ta nan ya hango takalma biyu masu sheƙi.

"Hajiya ta kira ni," in ji muryar mai laushi. "Ta ce kun karɓi littafin da na roƙe ta don a kai ɗab'i. Ta ba ni haƙuri, baiwar Allah."

"Likita, sajana tana hanya."

"Na ga ta nufi cikin gari. Ka yi haƙuri, Sufeto. Ba zai yi zafi ba, ciwon kai ne kaɗan, sai barci."

Takalman suka koma gaban motar. Aka zura ƙarfen tayarwa aka murɗa sau ɗaya, sau biyu. A na uku Goggo ta kama, ramin duka ya ɗauki rawa. Takalman suka tafi ba gaggawa. Ƙofar ƙarfe ta sauko, duhu ya rufe.

Sufeto ya yi ihu, ba zai musa ba. Ya kira Saja, ya kira Allah, ya kira mahaifiyarsa da ta shekara ashirin a ƙasa. Ya sa kafaɗa ya tura motar, ko gezau. Ya tsinci yatsunsa a jikin siminti, daidai kan layukan Malam, sai ya janye su kamar ya taɓa wuta. Warin hayaƙi ya fara cika masa baki. Wani abu ya fara bugawa a bayan idonsa.

Ya zauna a ƙasa ya tilasta wa kansa tunani. Mutumin yana nan a waje. Ba zai tafi ba, domin nan da rabin awa dole ya dawo ya ceci injinsa, kuma yanzu haka kunnensa yana jikin ƙofa yana sauraronta.

Ya haska bango. Akwai wata 'yar kanta da aka jera sifanoni a kai, daga ƙarami zuwa babba. Ya haska sama. Motarsa ta gida ta sa ya shafe rabin rayuwarsa tsugune a gefen makanikai, kuma abu ɗaya da ya koya shi ne inda notin zubar da baƙin mai yake. Ga shi nan a gindin inji, kusa da goshinsa.

Sifana ta farko ta yi girma. Ta biyu ta faɗi daga hannunsa, ya yi ta lalube. Ta uku ta kama. Ƙarfen ya ƙona masa yatsu, idonsa yana ganin abu biyu-biyu, ya rataya duk nauyinsa a jiki, nauyin da likitoci suka daɗe suna yi masa faɗa a kai. Notin ya saki. Mai ya tsiyayo da zafinsa ya wanke masa hannu har gwiwar hannu, ya cije leɓe ya matsa gefe.

Ya jingina da bango yana ƙirga numfashi. Ƙafafunsa sun fara nisa da shi. Can sai kukan injin ya canza. Wani ƙwanƙwasa ya shigo ciki, a hankali, sannan da ƙarfi, kamar ana dukan ƙofa da guduma.

Ƙofar rumfar ta tashi sama da ƙara. Haske da iska suka shigo tare da gudun takalma. Aka kashe motar, da makulli.

"Me ka yi mata?" Muryar ba laushi yanzu. "Me ka yi mata?"

Likita ya kwanta rub da ciki a kan siminti, da fararen kayansa, ya zuro hannu ta ƙarƙashin motar yana laluben inda man ke zuba, kamar mai neman toshe jini. Sufeto ya ciro ankwa daga ɗamararsa. Ya ɗana ɗaya a wuyan hannun, ɗayan a ƙarfen da ke riƙe da taya. Sannan ya kafa hancinsa a ɗan sararin nan ya yi ta zuƙar iska.

Haka suka zauna kusan awa guda, fuska da fuska, ɗaya a rami ɗaya a ƙasa, ba mai iya tafiya. Makullin ankwar yana aljihun kwat a jikin ƙusa.

Ba sai da aka matsa masa ba. Likita ya ce a safiyar nan ta shekara goma hazo ne, kuma burkin Goggo bai taɓa zama na kirki ba. Da ya banke ma'aikaciyar jinyar ya tsaya a gaba kaɗan, ya hango ta a madubi tana motsi, sai ya tuna za a ƙwace motar a jefar da ita a harabar 'yan sanda ruwa ya ci ta. Ya kai wa Baba ya ce akuya ya buge. Baba ya ga abin da ke jikin fitilar ya san ba akuya ba ce, shi kuwa ya gaya masa cewa wanda ya shafa fenti da wanda ya tuƙa hukuncinsu ɗaya. Mota ɗaya a ɓoye abin tambaya ce, shi ya sa ya nemo Lauya aka kafa ƙungiya. Ya ce abin mamaki, ƙungiyar ta zo ta yi kyau, mutane sun ji daɗinta.

Malam kuwa ya kira shi ranar Lahadi, ya sauka rami ya haska masa koren, ya tambaye shi cikin ladabi ko yana da abin da zai ce kafin a rubuta.

"Sifanar nan tana kusa da hannunsa," in ji Sufeto. "Me ya hana shi yin abin da na yi?"

Likita ya dube shi da mamaki na gaske. "Malam ɗan ƙungiya ne. Ba zai yi mata haka ba."

Saja ta iso da fayil a hammata. Ta dubi mutumin da ke kwance, ta leƙa ramin, ta kira masu walda na maƙwabta aka tura motar baya. Sufeto ya hau matakala shida da rarrafe, kuma ta yi masa alherin kallon wani wuri. Da za a saka Likita a motar 'yan sanda ya tsaya ya roƙi alfarma ɗaya: in za a ja Goggo, kada a ɗaura igiya a bamba, akwai ƙugiya a ƙasa. Saja ta dafa kansa ta tura shi ciki.

Da yamma aka fito da Baba Bakanike. Sufeto, hannu a naɗe da bandeji, ya gaya masa an janye tuhumar kisa, ya je gida ya huta, maganar fenti za a neme shi daga baya. Tsohon ya karɓi hularsa da makullansa, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya.

"Ranka ya daɗe, ita matar da aka banke, tana da 'ya'ya?"

Sufeto ya riga ya karanta fayil ɗin. Ya ce biyu, ƙaramar tana da shekara uku a lokacin.

Baba ya daɗe yana juya hular a hannunsa. Ya ce sau uku ya shafa baƙin, don kada koren ya fito, kuma bai taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba. Sannan ya dawo ya zauna a kan bencin da ya tashi.

"'Yata," ya ce wa Saja, "ɗauko takarda. Ba sai daga baya ba."